Shingen Likita a Hanyar Gabas: Daga Gure zuwa Bakin Bahar Maliya

Gure tana bisa babbar hanyar da ta ratsa Nijar daga Yamai har Ngigmi, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Gari ne na Mangawa da Hausawa da Tubawa da Fulani da Buzaye, tsakanin duwatsun Muniyo da tuddan rairayi da kwarurrukan da ke ba da dabino da kanwa. Tun kafin kwalta, ƙasar nan mashiga ce ga fatake da almajirai da masu niyyar Makka. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Gure a watan Disamba na 1852, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya tarar da ita babban birnin Muniyo, Muniyoma Kosso na bisa gado, yana bin Shehun Barno. Matafiyin wancan zamani yana da abubuwan tsoro da yawa: 'yan fashi, ƙishirwa, da kuɗin fito da sarakuna ke karɓa. Amma ba wanda zai tare shi ya ce ɗaga riga, buɗe baki, nuna takardar allura.

Yau jikansa ba ya hawa jirgin Jidda sai da katin rigakafi, ba ya samun bizar zama a Amurka sai likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa. An gina wannan shinge ne can nesa, a bakin teku, sannan ya yi ta matsowa shekara bayan shekara, har ya iso ƙofar gida.

Abin da magabata suka sani

Kada a ɗauka Turawa ne suka koya wa mutanenmu cewa cuta tana yaɗuwa. A ƙauyuka da yawa, in agana ta kama mutum, akan keɓe shi a bukka can bayan gari, wanda ya taɓa yin ciwon ya warke shi ke kai masa fura da ruwa. Malamai kuwa suna karantar da labarin Sayyidina Umar, wanda ya nufi Sham a lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 17 zuwa 18 bayan Hijira. Da ya isa Sarg aka shaida masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara da sahabbai, sai Abdurrahman ɗan Aufu ya kawo abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na hanin shiga garin da ake annoba da hanin fita daga cikinsa. Umar ya juya da jama'arsa zuwa Madina.

Wannan hukunci ya hau kan na ciki da na waje, ya hau kan Sarkin Musulmi kamar yadda ya hau kan mai jan raƙuminsa. Dokokin da suka zo daga baya ba kullum suka riƙe wannan adalci ba.

Kwalarar 1865

A aikin Hajjin 1865 kwalara ta faɗa wa Makka. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ta kashe kimanin mutum 15,000 cikin alhazai 90,000. Jiragen ruwa masu tururi suka kwashi masu komawa gida zuwa Suwez, jirgin ƙasa ya kai su Iskandariyya, cikin 'yan watanni ciwon ya cinye dubun dubatar Misirawa, ya tsallaka Marsai da sauran tashoshin Turai. A da, ayarin raƙuma yakan yi watanni a hamada, mai ciwo ya mutu ko ya warke kafin a iso gari. Tururi ya gajarta tafiya, cuta ta samu abin hawa.

Gwamnatocin Turai, waɗanda suka fara taron lafiya na ƙasa da ƙasa a Faris a 1851, suka sake haɗuwa a Istanbul a 1866, Hajji ne babban abin da ke gabansu. Daga nan aka shiga kafa sansanonin killace alhazai a Bahar Maliya. Daular Usmaniyya ta buɗe na tsibirin Kamaran a 1882 domin masu zuwa daga Indiya da Jawa. Na Al-Tur, a gefen Sina'i, shi ke tsare masu komawa Masar da arewa. Ana sauke mutane, a turara kayansu, a ajiye su kwanaki ana duban ko wani zai fara amai da gudawa. Babban abin da ya dami masu dokar shi ne kada ciwon ya kai Turai. Lafiyar alhajin kansa ta zo daga baya.

Ƙofar Sawakin

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka raba ƙasa tsakaninsu da Ingilishi, aka bi daji ana kafa alamun iyaka: Gure ta faɗa hannun Faransa, Machina da Nguru suka faɗa hannun Ingila, dangi ɗaya takarda biyu. A daidai wannan lokaci hanyar gabas ta cika da mutane. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira suka ci gaba da hijira, ɗansa Mai Wurno ya zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin da har yau ke ɗauke da sunansa.

Talakan da ya yi niyya daga Muniyo ko Damagaram yakan sayar da ɗan abin da yake da shi, ya yi sallama irin ta wanda ba lalle a sake gani ba, ya bi ta Barno ko ta gefen Tafkin Chadi zuwa Fort-Lamy, Abeche, Jinaina, Al-Fashir, Al-Ubayyid. Tafiyar shekaru ce. Inda guzuri ya ƙare, nan za a yada zango a yi ƙwadago. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, waɗannan matafiya na yamma, da ake kira Takari, suka zama ƙashin bayan tsinkar auduga, wasu suka haifi 'ya'ya da jikoki a can ba su kai Makka ba, ba su kuma dawo ba.

Wanda ya kai bakin teku sai ya tarar da ƙofa ɗaya tak da hukumar Sudan ta amince da ita: Sawakin. Nan ake yi masa lambar agana da allurar kwalara, a ba shi fasfon alhazai, ya biya kuɗin jirgin zuwa da dawowa da kuɗin killacewa. In ya dawo daga Jidda kuma a tsare shi kwanaki a sansani kafin ya shiga ƙasa. Allurar tana da amfani, ba shakka. Amma kuɗin ya fi ƙarfin mutumin da ya yi shekara biyar yana tara sisi da kwabo. Sai da yawa suka zagaye. Suka gangara gefen Masawwa, ƙasar da ke hannun Italiya a lokacin, suka shiga ƙananan jiragen Larabawa masu filafilai da dare. Wasu teku ya ci, wasu aka zubar da su a gaɓar da ba ruwan sha, wasu aka sayar da su bayi, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962. Shingen da aka kafa da sunan lafiya ya tura marasa ƙarfi hanyar da ba likita ko ɗaya.

Ƙaro da lamba

Ciwon shawara ya ƙara tsananta tsaro. Turawan mulki suna fargabar ya tsallaka daga Afirka zuwa Indiya, inda akwai sauron da ke ɗaukarsa amma babu ciwon. Da ya ɓarke a duwatsun Nuba na Sudan a 1940, ya kama fiye da mutum 15,000, ya kashe sama da 1,500, ga shi kuwa kusa da hanyar alhazan yamma.

Maganin daga Afirka ya fito. A 1927 aka ware ƙwayar cutar daga jinin wani mutumin Gwalkwas, Gana ta yau, mai suna Asibi. Daga wannan jini Max Theiler ya samar da allurar 17D a 1937, kuma duk allurar shawara da ake yi a duniya yanzu daga ita ta samo tushe. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta yi nata irin, aka wajabta shi a ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma tun 1941, a haɗe da na agana.

Dattawan Nijar da suka ga ƙarshen wannan zamani suna ɗauke da shaidarsa a dantse. Kumandan Faransa zai aika wa sarki, sarki ya aika wa masu gari, maroƙi ya yi shela. Ranar da aka sa, jama'a su taru a inuwar itace, maza gefe, mata da goyo gefe. Malamin asibiti ya dama garin maganin cikin ruwan ƙaro, irin ƙaron nan da ƙasar Manga ta shahara da shi, ya ɗiga a dantse, ya yi ɗan tsagi biyu da tsinin ƙarfe, ya ce, "Inna, tsaya inuwa har ya bushe, kada ki shafe." Ƙaron ya daskare ya riƙe maganin bisa tsagin. Ta haka aka yi wa miliyoyin mutane lamba, shawara ta kusa ɓacewa daga ƙasashen Faransa a shekarun 1950. Sai dai irin na Dakar yana da illa: yakan taɓa ƙwaƙwalwar wasu yara ƙanana, wasu suka rasu. Aka daina yi wa yara, daga bisani aka bar shi gaba ɗaya a farkon shekarun 1980. Ba a tambayi iyayen yaran nan yardarsu ba, kuma wani ɓangare na ɗari-ɗarin da ake yi da allura har yau daga irin wannan tilas ya samo asali.

Katin da ya yi ta raguwa

Jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara tashi daga Kano, ba sauran damar tsare mutum a bakin teku. Sai takarda ta maye gurbin sansani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da dokokinta a 1951, katin nan mai ruwan ɗorawa ya zama abokin fasfo, da gurbin agana da na kwalara da na shawara. Kusan ƙarshen shekarun 1950 Saudiyya ta karɓi kula da lafiyar alhazai a hannunta.

Abin da ya sami guraben nan uku darasi ne. Wata irin kwalara, wadda aka fara ganewa a sansanin Al-Tur a 1905 har aka sa mata sunan wurin, ta taso daga Indonesiya a 1961, ta sauka Gini a 1970, ta bi kogin Kwara da hanyoyin kasuwa, a 1971 tana bakin Tafkin Chadi. Katin bai tsayar da ita ba, domin allurar wancan lokaci ba ta da ƙarfi, kuma ruwan sha ne ke yaɗa ciwon. A 1973 aka cire sharaɗin. Agana kuwa an bi ta ƙauye ƙauye tun 1967, ta ƙare a Afirka ta Yamma a 1970, aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 1980, gurbinta ya faɗi don ba sauran abin tsarewa. Shawara ce ta rage, ita ma tun 11 ga Yuli 2016 allura ɗaya ta isa mutum har abada, ba sai an sabunta bayan shekara 10 ba.

Ko tsakanin maƙwabta katin ya samu gindin zama: yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 1979 ta ambaci takardar lafiya tare da takardar tafiya. Inda kuwa takarda ta yi daraja, 'yan jabu ba sa nisa. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg bisa zargin katinsu na bogi ne, Najeriya ta rama, sai da aka ba da haƙuri.

Sanƙarau da ƙofar Jidda

Gure tana tsakiyar yankin da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963, zirin ƙasar da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda sanƙarau ke tashi da ƙurar hunturu, ya yi ƙamari da zafin bazara, ya kwanta da ruwan farko. Duk uwa a nan ta san alamarsa: zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sandare.

A Hajjin 1987 sanƙarau ya ɓarke, alhazai suka kai shi ƙasashensu, Saudiyya ta wajabta allura. A 1996 aka yi annoba mafi muni da aka rubuta a Afirka, kimanin mutum 250,000 suka kamu, 25,000 suka rasu, Kano da maƙwabtanta na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A shekarar Saudiyya ta rufe ƙofa ga maniyyatan Najeriya, masu lafiya da marasa lafiya, mutane sun riga sun sayar da shanu da gonaki, sun yi sallama. A 2000 da 2001 wani nau'i, W135, ya bayyana a Hajji, daga 2002 aka koma neman allura mai kare nau'i huɗu.

Abin da ya karya lagon sanƙarau shi ne rigakafin da aka yi wa mutane a gida. A ƙarshen 2010 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fara amfani da MenAfriVac, allurar da aka ƙera a Indiya domin Afirka a farashin da bai kai rabin dala ba. Nau'in A, mai haddasa manyan annoba, ya kusa ɓacewa. Nau'in C ya taso a Nijar a 2015, ya sake bugun jihar Damagaram a ƙarshen 2022, musamman Dungas, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara allura mai kare nau'i biyar.

Shan inna ma ya bar tabonsa. Bayan dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa 2004, ƙwayar ta bazu har Yaman da Indonesiya, Saudiyya ta shiga ɗiga wa alhazan Najeriya maganin a baki da saukarsu, har masu furfura. A 2014 Ebola ta hana 'yan Gini da Laberiya da Saliyo Hajji. Korona ta rufe ƙofa ga duk na waje a 2020 da 2021, a 2022 aka buɗe wa 'yan ƙasa da shekara 65 kawai. Yanzu sharaɗin ya wuce ciwo mai yaɗuwa: mai wankin ƙoda, mai ciwon zuciya mai tsanani, mai ruɗewar tsufa, mai tsohon ciki, duk ana tace su tun a gida, ta hannun hukumomin alhazai irin su COHO a Nijar da NAHCON a Najeriya. Dalilin a fili yake, zafin Hajjin 2024 ya kashe mutum 1,301. Amma kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji, sun bi ta bayan gida, ba tanti ba motar sanyi. Hanyar Masawwa ba ta mutu ba, kamanni ta sake.

Ƙofofin yamma

Amurka ta sa ciwo mai yaɗuwa cikin dalilan hana shiga a dokar 1891. A tsibirin Ellis, wanda aka buɗe a 1892, likitoci kan tsaya suna kallon baƙi na hawa matakala, wanda suka ga yana haki ko ɗingishi su yi masa alama da alli a riga. Suna juya fatar ido da ɗan ƙugiya suna neman amodari, ciwon nan da ke lanƙwasa gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar har mutum ya makance, wanda ƙauyukan Damagaram suka sha fama da shi. Kimanin mutum 2 cikin ɗari aka mayar. Masu tikitin aji na ɗaya da na biyu kuwa a cikin jirgi ake yi musu ɗan dubawa su wuce. Bayan 1924 aka mayar da tantancewar ƙasar da mutum ya fito.

Haka take har yau. Har zuwa 'yan shekarun nan, mai neman bizar zama a Amurka daga Gure yakan yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Yamai, wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, da kuɗin aljihunsa. Za a duba katin rigakafinsa, a ɗebi jini, a tsayar da shi gaban na'ura, ƙirji manne da allo, a ce, "Malam, ja numfashi, riƙe." In hoton ya nuna tabo, sai ya ba da majina sau uku, ya jira mako takwas. In an samu tarin fuka, zai sha magani wata shida a gaban ma'aikacin lafiya, sannan a ci gaba da takardunsa. Jinkiri ne, ba kora ba ce. Ingila ma tana neman gwajin tarin fuka ga mai zama fiye da wata shida. Faransa takan duba baƙo bayan ya iso. Kanada tana auna ko jinyar mutum za ta yi wa asusun lafiyarta nauyi, a 2018 ta ninka iyakar kuɗin sau uku bayan koke-koken iyayen yara masu naƙasa. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna gwada mai neman aiki ƙanjamau da ciwon hanta da tarin fuka, wanda bai tsallake ba ya koma gida. Amurka ma ta hana masu ƙanjamau shiga tun 1987, ba ta janye ba sai 4 ga Janairu 2010, bayan shekaru 22 likitoci suna cewa ciwon ba a numfashi ko musafaha ake ɗaukarsa ba.

Abin da ya kamata a riƙe

Ba wanda zai zargi ƙasa don ta kare jama'arta daga annoba, addini da hankali duk sun yarda da haka. Amma tarihin nan ya rarrabe shinge iri uku. Akwai wanda ya tsare ciwo na gaskiya kuma ya zo da magani, kamar lambar agana da gwajin tarin fuka. Akwai wanda tsoro ya gina, ilimi ya rushe, kamar katin kwalara da hanin masu ƙanjamau. Akwai kuma wanda ba ƙwayar cuta yake tacewa ba, aljihu yake tacewa, shi ne wanda kullum ke tura talaka jirgin dare ko hamadar Agadas.

Tunda shingen ya riga ya iso gida, haƙƙi ne likitan ma ya iso. Bai dace mutumin Kelle ko Bune ko Tesker ya fara sanin yana da hawan jini ko tabon huhu a ranar da ya biya kuɗin kujera ba. Allurar shawara da ta sanƙarau, da na'urar hoton ƙirji mai aiki, da katin gaskiya a farashin da manomi zai iya, su kasance a Gure da Damagaram duk shekara, ba sai lokacin Hajji ba. Matafiyi kuma ya guji katin tasha, domin hatimi ba ya hana wuya sandarewa, kuma ciwon da ya ɗauko 'ya'yansa zai fara kai wa. Duk shingen da ya faɗi a tarihin nan ya faɗi ne ranar da aka ci ƙarfin ciwon a inda mutane suke zaune, ko ranar da masu doka suka yarda su saurari ilimi. Waɗanda suka rage ma ta nan za su faɗi.